Kafin A Miƙa Wa Na'ura Makullin Gidan Yanar Sadarwa, A Karanta Takardarta

Shimfiɗa

A 'yan makonnin nan ne wani ƙanena da ke kula da gidan yanar sadarwa na wata ƙaramar ƙungiyar 'yan uwa a nan Birtaniya ya turo mini takardar bayanin wata sabuwar masarrafa, ya ce, "Yaya, don Allah ka duba mini wannan kafin taron kwamiti, domin ni dai na gaji da tashi cikin dare ina gyara sanarwa." Masarrafar irin waɗanda ake yayi ce a yanzu, wato wadda ke haɗa ƙirƙirarriyar basira da uwar garke, babbar kwamfutar da gidan yanar ke zaune a kanta, ta yadda mutum zai rubuta mata cikin harshen yau da kullum cewa ta canza ranar taro ko ta ƙara sabon shafi, ita kuma ta shiga can daga nesa ta rubuta jakunkunan bayanan da kanta, ba tare da shi ya taɓa komai ba. Na karanta takardar sau biyu, na kuma gwada masarrafar a kan kwafin gidan yanar. Abin da na fahimta shi ne na ga ya dace in kawo wa masu karatu, ganin cewa kusan kowace ƙungiya tamu a ƙasashen waje tana da gidan yanar da mutum ɗaya tak ke ɗauke da shi a wuyansa, kuma nan ba da jimawa ba wannan tayi zai iso gare shi idan bai riga ya iso ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, takardar bayanin irin wannan masarrafa ana auna ta ne da abin da ta faɗa game da ranar da aiki zai lalace. Wadda na karanta ta cika shafuka da yadda ake girkawa cikin 'yan mintuna, da hotuna masu kyau na shafukan da aka ƙera da ita, amma da na zo neman inda ta yi maganar gogewa, da asara, da komawa baya, sai na tarar da layuka biyu kacal a can ƙarshe, suna cewa ana shawartar mai amfani da ya riƙa ajiye kwafi.

Daga Mai Ba Da Shawara Zuwa Ɗan Aike

Domin mai karatu ya gane dalilin damuwata, sai mun ɗan koma baya. Lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na shekarar 2022, abin da na'urar ke yi bai wuce rubutu a kan allo ba. Idan ta rubuta maka shafi, kai ne za ka karanta, ka kwafa, ka ɗora a uwar garke da hannunka, don haka idan ta yi kuskure akwai ido tsakaninta da gidan yanarka. A watan Nuwamba na shekarar 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'idar sadarwa mai suna Model Context Protocol, wadda ake taƙaitawa da MCP, domin sauƙaƙa haɗa irin waɗannan na'urori da kayan aiki na waje. OpenAI ya rungumi ƙa'idar a watan Maris na shekarar 2025, Google ya biyo baya, sannan a watan Disamba na wannan shekarar aka miƙa kula da ita ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Daga nan ne ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun masu gina manhaja suka yi ta fito da masarrafan da ke bai wa na'ura hannu, har da irin wadda ƙanena ya turo mini. Mai ba da shawara ya koma ɗan aike, kuma ɗan aiken da ke riƙe da makulli.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Rubuta jakar bayanai a kan uwar garke ba daidai yake da rubuta wasiƙa a kwamfutarka ba. Sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya a kan manhajar WordPress aka gina su, kamar yadda ƙididdigar W3Techs ta shekarar 2025 ta nuna, ita kuwa WordPress da yaren PHP aka rubuta ta. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya samu damar ajiye jakar PHP a wurin, ya samu damar sa uwar garken ta aiwatar da umarninsa. A nan ne kuma jakar wp-config.php take, wadda ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun adana bayanai, da jakar .htaccess, wadda kuskuren harafi ɗaya a cikinta kan iya rufe gidan yanar gaba ɗaya. Saboda haka iznin rubutu a wannan wuri, idan ba a iyakance shi ba, izni ne na komai.

Abin Da Ya Faru A Replit

Ba tsoron banza nake ji ba. A watan Yuli na shekarar 2025, wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, ya bayyana wa duniya yadda ɗan aiken na'ura na kamfanin Replit ya goge masa rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200 da kamfanoni sama da 1,100. Hakan ya faru ne duk da cewa ya umarci na'urar, a rubuce, da kada ta canza komai sai da izninsa. Da ya tambaye ta ko za a iya dawo da bayanan, sai ta ce masa ba zai yiwu ba, amma da ya gwada da kansa sai suka dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya amince cewa abin bai dace ba, ya kuma sanar da cewa za su raba rumbun gwaji da rumbun aiki na gaskiya kai tsaye.

Darussa biyu na ɗauka daga wannan. Na farko, umarnin da aka rubuta wa na'ura roƙo ne kawai, tana iya bi tana iya saɓawa, abin da ke hana ta ɓarna shi ne ƙofar da aka rufe mata tun farko. Na biyu, ita kanta na'urar ba abin dogaro ba ce wajen bayanin abin da masarrafarta ke iya yi. Ke nan babu inda mutum zai samu gaskiyar lamari sai a takardar bayani da kuma gwajin da ya yi da hannunsa. Wannan ne ya sa na zauna na yi wa takardar da ke gabana tambayoyi biyar.

Tambaya Ta Farko: Ina Iyakarsa?

Takarda mai kyau za ta faɗa a fili a wane burgamin bayanai ne ɗan aiken zai iya rubutu, wane ne ya tsayar da iyakar, kuma a ina aka tsayar da ita. Idan iyakar tana cikin umarnin da ake rubuta wa na'ura ne kawai, to babu iyaka. Idan tana cikin masarrafar ce, da sauƙi, amma ko nan ma akwai magana. A watan Yuli na shekarar 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Cymulate sun bayyana kurakurai biyu a masarrafar sarrafa jakunkunan bayanai ta MCP da Anthropic da kansa ya wallafa, waɗanda aka toshe su. Ɗaya daga ciki shi ne, masarrafar tana duba farkon sunan burgami ne kawai. Alal misali, idan aka ba ta izni a kan burgami mai suna "hotuna", to tana iya shiga wani mai suna "hotunan_membobi" ma, tunda farkon sunayensu ɗaya ne. Idan har waɗanda suka ƙirƙiro ƙa'idar za su yi irin wannan tuntuɓe, ina ga ƙaramin kamfanin da mutum biyu ko uku ke gudanarwa? Iyakar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ke kan uwar garken kanta, wato a buɗe wa ɗan aiken asusunsa na daban wanda ba ya ganin komai sai burgami ɗaya. Wannan ba sabon ilimi ba ne, domin tun a shekarar 1975 masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta cewa kowace manhaja a ba ta mafi ƙarancin iznin da aikinta ke buƙata. Takardar da na karanta kuwa cewa ta yi a shigar da sunan babban asusu da kalmar sirrinsa, har ta kawo misali da tsohuwar ƙa'idar FTP, wadda aka fara tsarawa a shekarar 1971 kuma take aika kalmar sirri a fili ba tare da an layance ta ba, alhali ga SFTP nan da ke ɓoye ta.

Tambaya Ta Biyu: Me Yake Yi Da Abin Da Ya Tarar?

Idan aka ce wa ɗan aike ya gyara layi ɗaya a shafi, shin layin kawai yake canzawa ko kuwa shafin duka yake sake rubutawa? Bambancin babba ne. A nan dole in yaba wa bayanin waccan masarrafa ta MCP da na ambata, domin ya faɗa ƙarara cewa umarninta na rubutu yana maye gurbin jakar da ya tarar gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba, sannan ya tanadi wani umarni na daban don gyara, wanda ke iya nuna maka canjin da za a yi kafin a aiwatar. Wannan shi ne irin bayanin da nake nema, wanda bai ɓoye munin abu ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an gaya masa rariya ce. Takardar ƙanena ba ta ce komai a kan wannan ba, sai da na gwada. Na sa ɗan aiken ya canza lokacin wani taro a wani dogon shafi na tarihin ƙungiyar. Ya canza lokacin daidai, ya kuma ba ni rahoton cewa komai ya kammala, amma da na kwatanta sabon shafin da tsohon, sai na ga ya taƙaita sakin layi biyu daga can ƙasa waɗanda ban ce ya taɓa ba. Da a kan gidan yanar na gaskiya ne, watakila sai bayan watanni wani zai lura.

Tambaya Ta Uku: Yaya Ake Komawa Baya?

A ce wa mutum ya riƙa ajiye kwafi ba amsa ba ce, sauke nauyi ne. Abin da ya kamata takarda ta bayyana shi ne, shin masarrafar na ajiye tsohuwar jaka kafin ta rubuta sabuwa? A ina take ajiyewa, kuma kwana nawa? Shin ɗan aiken na iya isa ga wannan ajiya? Domin kwafin da ke cikin burgamin da ɗan aike ke iya gogewa, ajiyar nama ce a hannun kura. Bugu da ƙari, me ke faruwa idan layin intanet ya yanke a tsakiyar rubutu? Masarrafa mai inganci takan rubuta sabuwar jakar a gefe tukuna, sai ta kammala sannan ta sauya ta da tsohuwar a lokaci guda, don kada a bar rabin shafi. Haka nan akwai buƙatar kundin da ke rubuta kowane aiki da lokacinsa, wanda ɗan aiken ba zai iya gyarawa ba, saboda ranar da abu ya ɓaci kada ya zama rahoton na'urar ne kaɗai shaida.

Tambaya Ta Huɗu: Maganar Wa Yake Ji?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure kai. Ƙirƙirarriyar basira ba ta iya bambancewa sosai tsakanin umarnin maigidanta da rubutun da ta ci karo da shi a hanya. Wani mai gina manhaja ɗan Birtaniya, Simon Willison, shi ya raɗa wa wannan matsala suna a shekarar 2022, abin da za mu iya kira cusen umarni. A watan Yuni na shekarar 2025 ya ƙara bayanin cewa haɗarin ya fi muni idan abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya, wato na'ura tana ganin bayanan sirri, tana karanta rubutun baƙi, kuma tana da hanyar fitar da bayani waje. Mai karatu ya duba gidan yanar ƙungiya da wannan ma'auni. Akwai sunayen membobi da lambobin wayarsu, akwai akwatin saƙo da kowa a duniya ke iya rubutu a ciki, sannan duk abin da aka rubuta a shafi duniya ce ke gani. Dukkan ukun sun haɗu. Ɗan dandatsa ba ya buƙatar fasa ƙofa, ya isa ya bar saƙo mai ɗauke da umarni ya jira ranar da za a ce wa ɗan aike ya duba saƙonni. Takardar da ba ta ambaci wannan haɗari ba ko sau ɗaya, ko dai marubutanta ba su san shi ba, ko sun sani sun yi shiru, kuma babu mai daɗi a cikin biyun.

A ƙarƙashin wannan tambaya akwai wani sabon abu. A da mutum kaɗai ke karanta takardar bayani. Yanzu kowane umarni na masarrafar yana da ɗan gajeren bayani wanda na'urar ce ke karantawa domin ta san yadda za ta yi amfani da shi, kuma sau da yawa mai amfani ba ya ganin sa. A watan Afrilu na shekarar 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda za a iya ɓoye mugun umarni a cikin wannan bayani, na'ura ta bi shi mutum bai sani ba. Ita kanta ƙa'idar MCP, a bugunta na watan Maris na shekarar 2025, ta kawo alamomin da mai masarrafa zai riƙa sa wa umarninsa don nuna wanne ne na karatu kawai, wanne ne mai iya gogewa, amma ta yi gargaɗin cewa kada a dogara da alamomin sai an amince da wanda ya sa su. Amincewar ma sai an riƙa sabunta ta. A watan Satumba na shekarar 2025 an gano wata masarrafa mai suna postmark-mcp, wadda wani ya wallafa da sunan da ya yi kama da na kamfanin Postmark alhali ba tasu ba ce, ta yi aiki lafiya a bugu goma sha biyar, sai a na gaba aka ƙara layi ɗaya da ke tura kwafin kowace wasiƙar imel zuwa ga mai ita. Don haka ya kamata takarda ta nuna cikakken bayanin da na'ura ke karantawa, ta faɗi wanda ya rubuta masarrafar, ta kuma lissafa abin da ya canza a kowane sabon bugu.

Tambaya Ta Biyar: Ya Yake Yi Da Haruffanmu?

Wannan ta shafe mu kai tsaye. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna lokacin da muke rubuta k'asa da d'aki da alama a gefe, ko mu bar su babu ƙugiya, saboda tsofaffin tsare-tsaren haruffa na Turai ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Tsarin UTF-8 ne ya raba mu da wannan wahala. To amma gidajen yanar da aka gina tun farkon shekarun 2000 sukan kasance da tsofaffin shafuka da sababbi a cakuɗe. Idan masarrafa ta karanta shafi da tsarin da ba nasa ba, kalmar ƙasa takan koma Æ™asa, wannan ana iya gyarawa. Idan kuwa ta sake rubuta shi ta maye gurbin kowace ƙugiya da alamar tambaya, to asalin ya tafi ke nan, sai an bi kalma bayan kalma da hannu. Akwai kuma yiwuwar ita kanta na'urar ta zubar da ƙugiyoyi wajen sake rubutu, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Takardar da na karanta ba ta ambaci tsarin haruffa ba sam, kuma na tabbata ba da mugun nufi ba ne, marubutanta da Turanci kawai suka yi gwaji. Mu ne za mu gwada da namu.

Alhakin Na Wane Ne?

Mai karatu na iya cewa ai gidan yanar ƙaramar ƙungiya ba banki ba ne. Haka ne, amma doka ba ta raina ƙanƙanta. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanan jama'a da ta fara aiki a watan Mayu na shekarar 2018 ta ɗauki gogewar bayanan mutane bisa kuskure a matsayin keta haddi, kamar yadda ta ɗauki sacewa, kuma idan abin na iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da hukuma cikin awa 72 da ganowa. Wanda doka za ta tambaya shi ne ƙungiyar da ta tara bayanan, ba na'ura ba. Bayan doka kuma akwai amana. Mutanen da suka ba da adireshinsu da lambar wayarsu, wasu ma da bayanan iyalinsu domin taimakon gaggawa ko jigilar mamaci gida, sun bayar ne saboda sun san fuskokin 'yan kwamiti.

Kammalawa

Ban ce wa ƙanena ya yi watsi da masarrafar ba, domin gajiyarsa gaskiya ce, kuma na ga gidajen yanar ƙungiyoyi da dama da suka mutu saboda mai kula da su ya ƙaura ko aiki ya yi masa yawa. Kayan aikin da zai sa sakatare ya iya ɗora sanarwa da kansa abin so ne. Abin da na ba shi shawara ya kai wa kwamiti shi ne, a buɗe wa ɗan aiken asusu na daban da ke ganin burgamin sanarwa kawai, a bar shi ya yi aiki a kan kwafi, mutum ya duba canjin da idonsa kafin a ɗora, a ajiye kwafin gidan yanar a wata kwamfuta da ɗan aiken ba ya isa gare ta, a kuma gwada dawo da kwafin sau ɗaya tun kafin buƙata ta taso. Rijistar membobi kuwa a nesanta ta daga gare shi gaba ɗaya. Mun kuma rubuta wa masu masarrafar waɗannan tambayoyi biyar, muka roƙe su su sa amsoshin a cikin takardarsu domin kowa ya gani, tunda amsar da aka ba mutum ɗaya a wasiƙa ba ta ɗaure kowa.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda a ƙungiyarsa, ina ba shi shawara ya fara karatun daga baya, inda ake ɓoye gargaɗi, ya nemi kalmomin gogewa da maye gurbi da izni da komawa baya. Duk kariyar da bai gani a rubuce ba, kuma bai gwada da hannunsa ba, ya ɗauka babu ita har sai an nuna masa. Idan akwai wanda ya riga ya gwada irin waɗannan masarrafai a kan shafukan Hausa, zan so ya rubuto ya faɗa mana abin da ya gani, musamman a kan haruffa masu ƙugiya, domin sauran 'yan uwa su amfana.